Kan Sarki Mai Bugu Biyu: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Jera Shi a Kundi



Na san da yawa daga cikinku sun yi mamaki da suka ji cewa malamin Hausa zai tsaya ya yi lacca a kan kan sarki, wato 'yar takardar nan da ake liƙa wa ambulan. Ga dalilina. Kwanakin baya wani dattijo daga wani ƙauye kusa da nan ya kawo mini abu ƙunshe a cikin tsumma. Da na kwance sai na ga kan sarki guda, ja, na kwabo, mai hoton Sarki Joji na Biyar, da sunan Nijeriya a jikinsa. Ya ce daga adakar kakansa ya fito, kakan kuwa tsohon soja ne. A gefen takardar akwai guntun hatimin gidan waya, haruffa biyu kaɗai suka rage, E da A. Na tambaye shi ina ambulan ɗin? Ya ce yara sun jiƙa shi da ruwa sun ɓamɓare kan sarkin, domin sun ji shi ne mai kuɗi, sauran kuwa an hura wuta da shi. Haruffan nan biyu suna iya zama ƙarshen sunan Buea, gari a gindin Dutsen Kamaru wanda Ingilishi suka ƙwace daga hannun Jamusawa. In haka ne, to wasiƙar soja ce daga ƙasar da aka ci da yaƙi, ga kwanan wata, ga sunan wanda aka aiko wa. An tsare abin da bai kai komai ba, an ƙone shaidar.

Saboda haka maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa kan sarkin da aka yi wa bugu na biyu a lokacin yaƙi takardar tarihi ce mai hawa uku, kuma duk wanda zai gane ta, ko ya shigar da ita kundi, lalle ne ya karanta hawan nan uku ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke yi wa tsohon littafin ajami.

Kalmar kanta

Bari mu fara da suna, tunda sana'armu ke nan. Turawa sun fara amfani da wannan 'yar takarda a Ingila a 1840, da hoton Sarauniya Biktoriya. Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya yi shelar kafa Nijeriya ta Arewa a Lakwaja, a cikin shekarar nan kuma aka fitar da kan sarki mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa da hoton Sarauniyar. Ku lura da shekarar. A 1900 Sarkin Kano Alu yana kan gadonsa, Sarkin Musulmi Abdurrahman yana Sakkwato, babu Baturen da ke da iko da ko taƙi ɗaya na ƙasar Kiru. Sai bayan shekara uku ne rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji, nan maƙwabtanmu, ta wuce ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903. Watau takarda ta riga bindiga yin da'awar ƙasar.

A lokacin da aka ci Kano Sarauniya ta rasu, hoton ɗanta Sarki Edward na Bakwai ne a kan takardar tun 1902, bayansa kuma Joji na Biyar. A ganina wannan ne ya sa Bahaushe ya ce "kan sarki" bai ce "kan sarauniya" ba: abin da ya fara gani ya raɗa wa suna. Sunan kuwa ya zauna daram, har yau ko hoton tsuntsu ne a jiki kan sarki muke cewa.

Sunan nan yana koya mana wani abu. Bahaushe ya gane tun farko cewa takardar alamar mulki ce. To idan mulki ya sauya hannu cikin dare ɗaya, kamar yadda yake faruwa a yaƙi, sabon mai iko ba shi da lokacin aikawa Turai a zana masa sabon kan sarki. Abin da yake yi shi ne ya kwashi na wanda ya kora, ya kai wata maɗaba'a da ke kusa, a buga sunansa a kai. Wannan bugu na biyu shi nake so mu kira "ɗori". In an sauya kuɗin da ke jiki, mu ce "ɗorin kuɗi". Turawan da suka ci ƙasarmu ba su yi wa kowa ɗori ba, domin daular Usmaniyya ba ta da kan sarki. Wasiƙun sarakunanmu da hatimi suke tafiya, a hannun manzo. Amma maƙwabtanmu na gabas da na yamma da ke hannun Jamus suna da shi, kuma sojojin da suka ci su akwai kakanninmu a ciki.

Togo, 1914

Togo ce ta fara faɗuwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rundunar Gwal Kwas, wato Gana ta yau, ta shiga daga yamma, Faransawa suka shigo daga Dahome, Jamusawa suka ja da baya zuwa Kamina inda babbar tasharsu ta wayar iska take, suka sallama ranar 26 ga Agusta 1914. Rundunar Gwal Kwas ɗin nan asalinta 'yan sandan da ake kira Hausawa ne, da Hausa ake ba da umarni a cikinta. Sojan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin gaba ɗaya, Alhaji Grunshi, daga cikinta yake.

Kan sarkin Jamus na ƙasashen da take mulka duk zane ɗaya ne tun 1900: jirgin ruwan shaƙatawa na Kaisa Wilhelm na Biyu, mai suna Hohenzollern, sai sunan ƙasa a sama. Masu ƙananan kuɗi, na fenik, ƙanana ne a tsaye. Masu mak kuwa manya ne a kwance. Da aka gano ajiyarsu sai Ingilishi da Faransawa suka raba. Ingilishi suka kai nasu maɗaba'ar mishan ta Katolika da ke Lome aka ɗora "TOGO Anglo-French Occupation" a layi uku, Faransawa kuma suka ɗora "TOGO Occupation franco-anglaise".

A nan ne aikin mai kundi yake farawa. Maɗaba'ar mishan ƙarama ce, da hannu ake jera baƙaƙen dalma ɗaya ɗaya, kuma ba sau ɗaya aka jera ba. A jeri na farko tazarar da ke tsakanin layuka milimita 3 ce, a na biyu milimita 2. Ido ba ya raba su da sauƙi, sai an aza ma'auni, amma a kasuwa bambancin kuɗinsu yana da yawa. A wani gurbi kuma harafin O na ƙarshe ya faɗi, aka sami "TOG". Kuskuren da ya kamata ya jawo wa ɗan maɗaba'a faɗa shi ne yau ake rububi a kai.

Akwai jeri na uku, wanda ni ya fi burge ni. An sami wata 'yar ajiya can arewacin Togo, a Sansanne Mango, aka yi mata ɗori a Janairun 1915, kuma saboda ƙarancinta tana cikin mafiya tsada. Duk Bahaushe ya ji sunan garin ya san kalmarsa ce: sansani. Zango ne a kan hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, hanyar da Agalawan Bebeji suka sha bi da jakuna suna sayo goro. Kun dai san Alhasan Ɗantata a Bebeji aka haife shi. Can kudu kuma akwai Kete Krachi, inda Imam Umaru, Bakano, ya zauna a ƙarƙashin Jamusawa, ya yi aiki da jami'insu Adam Mischlich wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1906. Garuruwan nan biyu duk suna da gidan waya a zamanin Jamus. Don haka in ka ga hatiminsu a kan jirgin Kaisa, ka sani daga garin da ke da zangon Hausawa ya fito.

Da na Jamus suka ƙare sai aka koma ga kan sarkin Gwal Kwas, aka yi masa ɗori a Akra a 1915. Shi ma yana da nasa tuntuɓen: wani gurbi "CCUPATION" babu O, wani kuma F ɗin ya fi sauran ƙanƙanta. A 1916 aka mai da aikin Landan, bugun ya zama tsaf, kurakuran suka ɓace. Faransawa su kuma suka koma ɗora nasu a kan na Dahome.

Kamaru, 1915

Kamaru ta fi ba da wuya, kuma ita ta fi shafarmu. A watan Agusta 1914 rundunoni suka tashi daga Nijeriya: ɗaya daga Maiduguri ta nufi Mora, ɗaya daga Yola ta nufi Garwa, ɗaya daga Ikom a kudu. Harin farko a Garwa ya watse, har kwamandan ya halaka; ba a ci garin ba sai a watan Yuni 1915. Duwala a bakin teku ta sallama wa Janar Dobell ranar 27 ga Satumba 1914. Banyo ta faɗi a Nuwamba 1915, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916. Kyaftin von Raben kuwa ya maƙale a kan dutsen Mora sai ranar 18 ga Fabrairu 1916. Sojojin da 'yan dako da yawa daga lardunan Arewa aka ɗebo su, baitulmalin sarakuna kuma ya ba da gudummawar kuɗi.

Wani abin dariya shi ne kan sarkin da aka yi wa ɗori a wannan yaƙi ba a Kamaru aka kama shi ba. A cikin wani jirgin ruwan Jamus aka same shi, mai suna Professor Woermann, wanda aka kama a teku a watan Agusta 1914 aka kai Firitawun a Saliyo. Aka ɗora masa haruffa uku, C.E.F., wato taƙaitaccen sunan rundunar da ta ci Kamaru, a ƙasa kuma aka sa kuɗin Ingila, aka fara sayarwa a Duwala a watan Yuli 1915. Iri 13 ne. Na fenik 3 da na fenik 5 suka zama ɗari, wato rabin kwabo. Na fenik 10 ya zama kwabo. Na 30 ya zama taro. Na 50 ya zama sisi. Na mak 1 ya zama sule, na mak 2 fataka, har zuwa na mak 5 da ya zama sule biyar. Ɗorin na ɗari da na kwabo da shuɗin tawada aka yi, ana kuma samun wasu da baƙi. A manyan kuɗin akwai gurbin da harafin s na sule ya zo a kife.

Ku dubi hawan da na faɗa. A ƙasa jirgin Kaisa da kalmar Kamerun. A bisa haruffan rundunar Ingila da kuɗinta. A bisa wannan kuma hatimin Duwala, wanda sau da yawa shi ma na Jamus ne, domin da kayan aikin da aka tarar a gidan wayar aka ci gaba da aiki. Mulki biyu da kwanan wata guda a kan takardar da ba ta kai tafin jinjiri ba.

Faransawa sun yi nasu, a kan na Gabon a 1915, sa'an nan a kan na Kwango a 1916. Da aka raba ƙasar a 1916 Duwala ta koma hannunsu, yankin Ingilishi kuwa aka haɗa shi da Nijeriya, ya riƙa amfani da kan sarkin Nijeriya ba tare da wani ɗori ba. Daga nan har 1960 babu abin da zai nuna maka wasiƙa daga Buea ko Bamenda ko Mubi ta fito sai hatimi. Wannan ne ya sa na yi baƙin cikin ambulan ɗin dattijon nan.

Ba kowane ɗori ne na mamaya ba

Kuskuren da sababbin masu tarawa suka fi yi shi ne su zuba duk wani mai ɗori a kwando ɗaya. A 1921 Faransawa sun ɗauki kan sarkin mai hoton Buzu a kan raƙumi suka ɗora masa "TERRITOIRE DU NIGER", lokacin hedkwata tana Damagaram. Wannan gyaran tsarin mulki ne, babu yaƙi a ciki. A 1940 aka ɗora "CAMEROUN FRANÇAIS 27.8.40", ranar da Leclerc ya karɓe Duwala da sunan de Gaulle, wannan rikicin cikin gida ne tsakanin Faransawa, waɗanda suka bi Vichy da waɗanda suka ƙi. Ranar 1 ga Oktoba 1960 aka ɗora "CAMEROONS U.K.T.T." a kan na Nijeriya, domin mu mun sami 'yanci, yankin amana kuwa bai yanke shawara ba tukuna. Aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, Arewacin ya shigo Nijeriya ranar 1 ga Yuni ya zama Lardin Sardauna, Kudancin ya tafi Kamaru ranar 1 ga Oktoba. Wannan na riƙon ƙwarya ne.

Sai na Biyafara. A 1968 aka ɗauki jerin dabbobin nan na Nijeriya na 1965, aka shafe sunan Nijeriya, aka ɗora "SOVEREIGN BIAFRA". Wasu suna sa shi cikin na mamaya. Ni ban yarda ba: wanda ya yi ɗorin a ƙasar da yake zaune ya yi shi, neman ɓallewa yake, don haka babinsa dabam. Kuma kalmar da ka zaɓa ta zama kan babi a kundinka hukunci ce a kan yaƙin da ya ci rayuka masu yawa har zuwa Janairun 1970, bai kamata a rubuta ta da ganganci ba.

Na mamaya na gaskiya a Yaƙin Hitila suna can inda sojojinmu suka je. A Somaliya, wadda birged ɗin Nijeriya ta shiga babban birninta a Fabrairun 1941, an yi amfani da kan sarkin Ingila mai ɗorin E.A.F. A Burma kuwa, wadda tsofaffin sojojinmu ke kira Bama, an rufe fuskar Sarki Joji na Shida da hoton ɗawisu a 1942 bayan shigowar Japanawa, da Ingilishi suka dawo a 1945 suka ɗora "MILY ADMN". Amma kada ku sa rai da samunsu a adakar tsohon soja. Wasiƙar soja daga fagen daga galibi ba ta bukatar kan sarki, hatimin gidan wayar soja da na mai tace wasiƙu kawai take ɗauka. Irin wannan ambulan, ko da babu kan sarki a jikinsa, a adana shi.

Yadda ake ganewa

Matsalar ɗori ita ce shi ne ke kawo kuɗi, kuma shi ne ya fi sauƙin ƙirƙira. Jirgin Kaisa marar ɗori yana da arha, domin an buga shi da yawa. Maha'inci sai ya saya, ya ɗora haruffa uku, ya ninka kuɗinsa. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na taɓa sayen C.E.F. guda a wata kasuwar tsofaffin kaya, ina murna na tsinci dami a kala. Da na nuna wa wani masani bai yi minti ɗaya ba ya mayar mini, ya ce in juya bayansa. Yanzu da ciniki ya koma intanet, inda hoto kawai mutum yake gani, abin ya ƙara ta'azzara.

A fara da hawa na ƙasa, wato takardar asali, kafin a dubi ɗori. Mu da muke aiki da tsofaffin littattafai mun san yadda ake ɗaga takarda a hasken rana a nemi tambarin wata uku, na masu yin takarda a Italiya, a kimanta shekarunta. Haka nan ake yi wa kan sarki. Jirgin Kaisa na farko ba shi da tambari a cikin takardarsa; daga 1905 aka fara buga wasu a kan takarda mai zane irin na idon raga. Ga inda wannan yake da amfani. Na fenik 3 mai tambarin bai fito ba sai bayan Jamus ta rasa Kamaru, kuma bai taɓa zuwa Afirka ba, a Balin aka sayar wa masu tarawa. To in ka ga C.E.F. a kan fenik 3 mai tambari, ba sai ka auna komai ba: ɗorin 1915 ba ya hawa takardar da ba a yi ba tukuna. Daga nan sai a ƙirga haƙoran gefe, nawa ne a cikin santimita 2, a dubi launi.

Sa'an nan a hau hawa na biyu. Baƙin dalma in aka danna shi a kan takarda yana barin gurbi, in ka juya bayan za ka ga ya ɗan turo, tawadar kuma takan taru a gefen harafi ta bar tsakiya da sauƙi. Bugun na'urar zamani shafe yake, in ka sa madubin ƙara girma sai ka ga ɗigo-ɗigo. Abin da masanin nan ya gani a bayan nawa ke nan, babu gurbi ko kaɗan. A auna tsawon kalma da tazarar layi da milimita, a gwada siffar kowane harafi da wanda aka tabbatar da sahihancinsa. Kurakuran da na ambata kuwa, irin su "TOG" da s a kife, su ne maha'inta suka fi so, domin kankare harafi ɗaya ba wuya. Kowane kuskure na gaskiya yana da sanannen gurbi a falle, yana da maƙwabta. Saboda haka wanda ke manne da ɗan'uwansa ya fi wanda ke shi kaɗai ƙarfin hujja, kamar dai yadda shaida biyu ta fi ɗaya.

Hawa na uku shi ne hatimi, kuma tambaya ta farko ita ce wa ke bisa wa? Gidan waya yana buga hatimi ne bayan an yi ɗori. In madubi ya nuna ɗori ne ya hau kan hatimi, an yi wa tsohon kan sarki kwaskwarima ke nan. Sai kwanan wata: C.E.F. mai hatimin 1914 ƙarya ne, tunda ba a sayar ba sai Yulin 1915. Sai gari: shin yana hannun wanda ya yi ɗorin a ranar? Hatimin Mora na 1915 a kan ɗorin Ingila ba zai yiwu ba, von Raben yana kan dutsensa. Kun ga ke nan mai wannan aiki dole ya san tarihin yaƙin wata-wata. Hatimin ma ana ƙirƙirarsa. Kundin Stanley Gibbons yana gargaɗi a kan jabun hatimin Duwala. In abu mai tsada ne, kada a dogara da ido ɗaya. Akwai kwamitocin masana, kamar na Royal Philatelic Society da ke Landan, waɗanda ke dubawa su ba da takardar shaida.

Shigarwa a kundi

Manyan kundaye huɗu ake aiki da su: Stanley Gibbons na Ingila, Michel na Jamus, Yvert et Tellier na Faransa, da Scott na Amurka. Kowanne da lambarsa, kuma ba su cika jituwa a kan inda za a ajiye ɗori ba. Abin da wannan ya sa a ƙarƙashin Kamaru, wancan sai ya sa a ƙarƙashin wanda ya mamaye ta. Don haka duk lambar da ka rubuta ka faɗi ta wane kundi ce da shekarar bugunsa. Akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle, mai mujallar Cameo, wadda ta duƙufa a kan yankinmu.

Shawarata ita ce kowane kan sarki a ba shi kati guda, a bi hawan nan uku. Alal misali: Kamerun ta Jamus, jirgin Kaisa, fenik 10, ja, haƙora 14, a faɗi ko da tambari ko babu. Ɗori: C.E.F. da 1d., shuɗi, rundunar Ingila, Duwala, 1915, a rubuta awon da aka samu. Hatimi: garin da ranar, ko a ce babu. Bayan wannan sai lafiyarsa, ko ya yage, ko ƙaron bayansa yana nan. In ba ka tabbata da sahihancinsa ba ka rubuta "ana shakka", wannan ba abin kunya ba ne.

Akwai layi guda da nake so mu ƙara wanda kundayen Turai ba su damu da shi ba, wato isnadi. Daga adakar wa ya fito, a wane gari, wa ya aiko, wa aka aiko wa, da wane rubutu, boko ko ajami? Ɗan kasuwa a Landan haƙora da tawada suka dame shi. Mu kuwa abin da muke nema shi ne mu san wane ɗan Kiru ne ya kwana a gindin dutsen Mora, wane Ba'agale ne yake aiko da saƙo daga Kete Krachi. Ɗalibanmu na sashen Hausa da na tarihi suna iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kundin digiri, gunduma gunduma, su ɗauki hoton gaba da baya, su bar wa masu abu abinsu.

Game da adana kuwa, maƙiyanmu a nan sanannu ne: gara, da kyankyaso, da laimar damina wadda ke narka ƙaro ta manne takardu. Kada a ɓamɓare kan sarki daga ambulan. Kada a sa masa salatif. Kada a kai shi shagon da ake liƙe takardun makaranta cikin leda da zafi, domin abin da ya shiga nan ba ya fitowa. A ɗauke shi da hantsaki marar kaifi, ba da yatsa ba, a sa kowanne cikin farar takarda mai tsabta, a ajiye a akwatin ƙarfe nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗewa ana shan iska in hunturu ya shigo.

Dattijon nan na mayar masa da kan sarkinsa tare da kati. A layin hatimi na rubuta haruffan biyu, na ce ana zaton Buea. Ya ce mini akwai sauran takardu a adakar, har da wata mai rubutun ajami, kuma ya yi alkawari ba mai sake taɓa su da ruwa kafin in je.